Minti Ɗayan Mai Agogo

"...babu gajiya, sai godiya. Shigo mana, ka tsaya a bakin ƙofa kamar mai tallan tsintsiya."

Da haka Kaka ta tarbi jikanta Dogo, wanda duk zuri'ar babu wanda ya kai shi gajarta. Marigayi kakansa ne ya laƙaba masa sunan don tsokana, sunan ya bi shi har wurin aiki. Shi kuwa marigayin Mai Agogo ake ce masa, don gyaran agogo ya yi duk rayuwarsa. Da hannunsa ya fara rawa ya rufe shago, sai Dogo ya buɗe masa shafi a intanet, tsohon yana rubuta labarin kowane agogo da ya taɓa gyarawa, da mai shi, da rigimar da suka sha. Tun rasuwarsa, kullum da safe Kaka takan zauna a teburinsa da kofin shayi ta karanta guda. Ta ce har tarinsa takan ji tsakanin layi da layi.

"Amaryata, kin ƙara tsufa," in ji Dogo yana durƙusawa.

"Kai kuma ba ka ƙara tsawo ba. Tashi, ai ko a tsaye kake durƙuson ne. Wannan wane irin miji Allah ya haɗa ni da shi, sai an manta kamanninsa yake leƙo gida?"

"Aiki ne ya riƙe ni."

"Aikin danne-danne? Kakanka da ƙarfe ya yi aiki."

"Shi ya sa ya bar min ke, duk kin yi tsatsa."

Kaka ta ɗaga mafici kamar za ta kwaɗa masa, amma dariyar ba ta fito ba. Idonsa take bi, ta ga ya sauka a kan teburin, inda kwamfutar take lulluɓe da farin ƙyalle.

"Mamana ta kira ni, ta ce shafin Mai Agogo ba ya buɗewa. Me kika yi masa?"

"Uwarka ta cika surutu, tun tana goye haka take. Gyara ake yi."

"Wa ke gyaran?"

"Ina na sani? A rubuce yake. Ko ido ma gajere gare ka?"

Dogo ya yaye ƙyallen ya kunna. Allon ya fito fari fat, babu hoto, babu labari, sai layi ɗaya tal a sama: Ana ɗan gyara, a dawo nan da minti ɗaya.

"Tun yaushe yake haka?"

"An ɗan kwana biyu."

"Kaka."

"To, tun wancan makon."

"Ya ce minti ɗaya, ke kuma kika naɗe hannu tun wancan makon? Wallahi ko dutse aka ce ya jira, da ya tashi ya kai ƙara."

"Kai yaro ne, me ka sani? Ni da mai gyara na yi zaman aure. In ya ce maka minti ɗaya, je ka ɗora tukunya ka sauke, ka yi wanki ka shanya. Kuma ba a tsaya masa a ka. Kakanka in ka leƙa ta kafaɗarsa, sai ɗan ƙarfe ya faɗi ƙasa ya ce numfashinka ne ya ture shi."

"Ƙyallen fa?"

"Abin da aka buɗe wa ciki ba a barinsa a fili, ƙura ta shiga. Haka yake rufe agogonsa."

Dogo ya buɗe baki zai yi dariya, ya dubi fuskarta, ya mayar ya rufe. Ya jawo kujera ya zauna.

"Faɗa min gaskiya, tsohuwa. Kafin ya yi haka, me kika taɓa?"

Kaka ta dubi bango, inda agogunan marigayin suke rataye, kowanne da nasa lokacin tun da babu mai saita su.

"Wani jan ɗigo ne," ta ce a hankali. "Kullum na buɗe yana nan a gefe kamar ciwon ido, wai a sabunta, a sabunta. Na ce gidan mutum ne, ba ya nan, bai kamata a bar shi da datti ba. Na zaɓi duk abin da ya jero min na danna. Wani abu ya kama juyawa. Sai na ji madara tana zuba a wuta, na rufe murfin kwamfutar, na zare waya daga soket."

"Kin zare waya ana tsakiyar aiki?"

"Ni ban taɓa fita ɗaki na bar abu a kunne ba, ba kuma a kanka zan fara ba." Muryarta ta yi ƙasa. "Da na dawo, shi ke nan. Dogo, da hannuna na share shi, ko? Duk abin da ya zauna ya rubuta da yatsa ɗaya, hannu na rawa. Shi ya sa ban kira ka ba. In ban tambaya ba, ai ana gyara. In na tambaya, sai a ce min babu."

Dogo ya sunkuyar da kai.

"Jan ɗigon nan aikina ne. Ni na ce masa zan riƙa zuwa ina sabuntawa. Da na zo, da bai tsaya yana kallon ki ba."

"Da ka zo," in ji Kaka.

Ya jawo kwamfutar ya shiga wurin kamfanin da ke ajiye shafin, yana dannawa yana bayani.

"Kin tuna ɗan kwalin da yake ratayawa a ƙofar shago in zai fita?"

"Mai cewa ina zuwa yanzu? Sau nawa na je kai masa abinci na tarar da shi!"

"To shafin ma haka yake yi. In zai sabunta kansa sai ya rataya kwali a ƙofa, in ya gama ya cire. Ke kika katse shi, kwalin ya zauna. Babu mai gyara, Kaka. Babu kowa a ciki."

"Babu kowa a ciki," ta maimaita.

Ta san haka, mana. Ita ba yarinya ba ce. Amma duk safiyar nan da take ɗaga ƙyallen ta karanta layin, wani sashe na zuciyarta yana jin kamar Mai Agogo ne sunkuye a can ciki da gilashi a ido ɗaya, yana cewa a ba shi minti ɗaya. Ta sa bakin mayafi ta share hanci.

"Mura ce," ta ce.

"Na sani. Ga kwalin nan, ɗan fayil ne, ya ɓuya a cikin manya. Kin ga ƙanƙantarsa?"

"Ɗan'uwanka ne ashe. Ƙanana su ne masu fitina."

Ya goge shi, ya sake buɗe shafin. Allon ya yi fari, ya yi fari, sai ga Mai Agogo da hularsa a karkace, riƙe da agogon bango kamar jariri, labaransa jere a ƙasa, ko ɗaya bai ɓata ba. Kaka ta miƙa yatsa ta taɓa hular a kan allo, kamar za ta daidaita masa ita.

"Ko a hoto ba ya iya sa hula," ta ce.

"Saura sabuntawar. Ɗaya bayan ɗaya zan yi, ke kuma ki zauna a kan hannayenki. In madara ta zuba, ta zuba."

"Ji shi, ya goge abu ɗaya ya zama injiniya."

"Ki dai ce na gode, angona."

Kaka ta jawo aljihun teburin, ta lalubo 'yar ƙaramar sukudireba mai jan mariƙi, wadda ko taɓa ta ba ta bari a yi tun ranar rasuwar. Ta danƙa masa a tafin hannu ta rufe yatsunsa a kai.

"Riƙe. Ka kayar da ni yau. Daga ƙasan nan da kake, ka hango abin da ban hango ba." Sai dariyar ta kuɓuce mata, da hawayenta da komai.

Dogo ya juya sukudirebar a hannu, ya daɗe yana kallonta, sannan ya gyara murya.

"To amarya, miji ya yi aiki. Ina shayina?"

Ta dafa teburin ta miƙe, ta nufi ƙofa tana jan ƙafa.

"Minti ɗaya," ta ce.