Kaset Ɗin da Hajiya Ta Aiko Mini Kuwait

Ko da zan so, ba zan taɓa mantawa ba da ranar addu'ar arba'in ɗin mahaifiyarmu, Hajiya, a gidanmu na Abakpa, cikin Kaduna. Yaran yanzu da suke aika murya ta waya ta isa kafin ƙiftawar ido ba za su san darajar kaset ba. A wajen ƙarshen shekarun tamanin, idan uwarka ba ta karatun boko kuma kana ƙasar waje, kaset ne wasiƙarku. Sai a zaunar da ita gaban rakoda ta yi magana, a naɗe da takarda, a nemi matafiyi.

Lokacin ina aikin tafinta a wani kamfanin jiragen ruwa a Kuwait. Indiyawan da muke aiki tare, idan kaset ya zo musu, sai su kulle ɗaki su yi ta kuka. Sudanawa kuwa taruwa suke yi su saurara tare, ana shan shayi. Ni fa na wuce wannan, a ganina. Na shiga wata 'yar ƙungiya ta masu kallon fim, Misirawa da Labanawa da Turawa biyu, muna haɗuwa duk Talata. Ina zuwa baje kolin littattafai, ina tsayawa gaban zanen da ban gane kansa ba ina gyaɗa kai. (Na ma sayi tabarau, alhali idona garau yake.) Ni kaɗai ne baƙar fata a cikinsu, kuma ina jin kamar duk Afirka na ɗauko a kafaɗa.

Ana nan sai suka ce in gabatar da jawabi a kan finafinan Italiya na bayan yaƙin duniya na biyu. A makon ne kaset ɗin Hajiya ya iso. Na saka, ta yi sallama, ta shiga gaisuwa: wane yana gaishe ka, wance ta haihu, akuya ta yi ɓari, an gyara famfo. Na san halin gaisuwar Hajiya, tana iya cin rabin sa'a. Hankalina na can kan jawabina, ban ma ji inda ta kai ba, na danna na tsayar, na cire, na ce sai na samu natsuwa. Na ajiye shi cikin tulin kaset ɗin da nake gwajin jawabina da su.

Natsuwar ba ta zo ba. Bayan wata biyu aka bugo waya ofis cewa Hajiya ta rasu. Kafin in samu izinin fita, har an kusa arba'in. Yayana, Yaya Sani, ya ce a waya, "Ka taho da kaset ɗin nan na ƙarshe. Kada ka manta shi."

Sai da na iso ya yi mini bayani. Hajiya tana da ƙanwa, Inna Ladi, da ke zaune a Kurmin Mashi. Shekara tara ba sa magana, a kan wata kalma da Inna Ladi ta faɗa ranar wani suna. Ko da Hajiya ta kwanta ciwo, Inna Ladi ta zo har ƙofar ɗaki sau biyu, ta kasa shiga. Ranar da za a ɗauki kaset ɗin, Hajiya ta kori kowa daga ɗakin. Da Yaya Sani ya yi mata maganar sulhu daga baya, sai ta ce, "Maganar Ladi na faɗa wa Auta a kaset. Shi zai gaya mata."

Ni ne Autan. Ban ce wa Yaya ban saurara ba. Na ce a raina, ai gara ma kowa ya ji daga bakinta.

Bayan la'asar, da baƙi suka ragu, aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. 'Yan'uwa, surukai, jikoki, an kai mutum talatin. Inna Ladi ta zauna dab da rakodar, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ni kuma na hakimce cikin farar jallabiyata ta Larabawa, na mayar da kaset farko, na danna.

Muryar Hajiya ta fito, mata suka fara sharar hawaye. Ta yi gaisuwarta, ta zo kan akuya, ta zo kan famfo. Sai ta yi gyaran murya ta ce, "To Auta, yanzu ka buɗe kunnenka da kyau. Maganar 'yar'uwata Ladi…"

Ƙaras! Sai wani tari. Sai wata murya mai yanga ta fara gaishe da "manyan baƙi maza da mata" da Turanci.

Muryata ce. A daidai inda na tsayar da ita, a nan na ɗora jawabina.

Wallahi na ji kamar an watsa mini ruwan ƙanƙara. Ga ni can ina bayanin yadda mai ɗaukar hoto yake fahimtar zuciyar talaka, ina jefa Faransanci, ina cin gyaran kaina da Larabci. Da a nan abin ya tsaya, da na ce wani shiri ne na rediyo. Amma sai mutumin cikin rakodar ya dakata, ya ce da Hausa tsantsa, "Kai! Wannan wurin ya yi daɗi. Yau za su san an zo da ɗan Kaduna."

Wani yaro ya ƙyalƙyale da dariya, uwarsa ta make shi.

Yaya Sani ya ce, "Tura gaba."

Na tura. Ni ne. Na sake turawa. Ni ne dai, har ina tafa wa kaina. Gumi ya jiƙa jallabiyar. Can wajen ƙarshe surutuna ya yanke, sai muryar Hajiya ta dawo, a gajiye: "…to ka ji abin da za ka gaya mata. Kada ka ƙara, kada ka rage. Allah ya yi maka albarka."

Shi ke nan. Sai shuuu na zaren kaset.

Inna Ladi ta sauke mayafinta ta dube ni. Ba ta yi fushi ba, kuma wannan ya fi komai ciwo. Ta ce, "Auta, ai ka saurara kafin ka goge, ko? Me ta ce?"

Mutum mai harshe huɗu, na rasa ko ɗaya. Yaya Sani ya zuba mini ido. Sai na yi abin da ya fi gogewar muni. Na ce, "Inna, cewa ta yi ta yafe miki duniya da lahira."

Ta ƙare mini kallo. Sannan ta girgiza kai.

"Ba ka san uwarka ba," in ji ta. "Da yayata ce, sai ta fara wanke ni tas, ta tuno mini abin da na yi tun muna 'yan mata, kafin ta zo kan yafiya. In ma ta zo. Ba ka ji komai ba, ko?"

Na sunkuyar da kai.

Ta miƙe da ƙyar, ta laluba takalminta. A bakin zaure ta juyo ta ce, "Allah ya ba mu haƙuri, Alhaji."

Na kai kaset ɗin wurin masu gyaran rediyo uku a Kaduna, na kuma kai shi wurin wani Ba'indiye a Kuwait. Kowa amsa ɗaya ya ba ni: abin da aka hau kansa ya tafi.

Abin da na koya, da tsada, shi ne tsoho ba ya fara magana da abin da ya kawo shi. Sai ya bi ta kan kowa da komai tukuna, yana auna ko kana da haƙurin ji. Na iya zama awa uku ina kallon fim ɗin da ba na jin yarensa, amma na kasa ba uwata minti ashirin.

Inna Ladi ta ƙara shekara shida a duniya. Duk zuwana gida ina kai mata gaisuwa, tana karɓata da mutunci, ta sa a kawo mini ruwa. Ta rasu ba ta san ko 'yar'uwarta ta yafe mata ba, kuma tun daga ranar ba ta sake kirana Auta ba.