Yadda Za Ka Hana Maƙwabta Sa Ido a Gidanka

Ka gaji da zaman unguwa irin Limancin Kona, inda kafin ka iso gida an san abin da ka sayo a kasuwa? Matso kusa. Bi matakan nan, wata biyu ya yi yawa, ba mai ƙara tambayarka komai. Abokina Aƙilu, ma'aikacin gwamnati, ya gwada, kuma wallahi ta yi aiki.

1. Gajarta gaisuwa

Ka ce "lafiya lau" kana tafiya. Kada ka tsaya har a kai ga "ya iyali", don daga nan ake zarcewa cikin ɗakinka.

2. Toshe 'yar ƙofa

Wadda mata ke bi tsakanin gidanku da na maƙwabta nake nufi. Sa bulo, ɗaga katanga, kafa ƙofar ƙarfe. Uwargida za ta yi ƙorafi. Raihana matar Aƙilu sai da ta yi kwana uku tana cewa in wani abu ya faru wa zai ji su. Ka ce mata zamani ne.

3. Yi maganin tsohuwar bakin lungu

Nan aikin yake. Ta su Aƙilu ita ce Inna Hajo mai waina, wadda baƙo ba ya wuce kaskonta sai ya faɗi ɗan gidan wa ne da wurin wa ya zo. Shekara ashirin ko bokiti ba a ɗauke a lungun ba, amma wannan ba hujja ba ce. Ran da ta tsare wani abokin aikinsa da tambaya, Aƙilu ya fito a gaban jama'a ya ce, "Inna, baƙona ba ɓarawo ba ne. Ki fita harkar gidana."

Ta ce, "Allah ya ba ka haƙuri, ɗan nan. Na fita."

Ka gani? Sau ɗaya ya isa.

4. Yi tafiya ba sallama

Mai unguwa zai ce duk mai tafiya ya bar wa maƙwabci amanar gida. Gyaɗa kai, ka tafi abinka. Haka Aƙilu ya kwashi iyali zuwa biki Funtuwa, ba wanda ya ji.

5. Karɓi sakamako

Ranar Talata da hantsi wata a-kori-kura ta tsaya a ƙofarsa. Mutum uku suka sauko, suka ce Oga ne ya aiko su, ya tashi zuwa sabon gida. Maƙwabcinsa Kabir tela ya buɗe baki zai tambaya, sai ya ga ai in Aƙilu zai tashi, haka zai tashi. Da firij ya maƙale a zaure, shi ya kama musu. Inna Hajo ta janye kaskonta mota ta wuce, keken ɗinkin Raihana a ɗaure a sama.

Aƙilu ya dawo ya tarar da tabarma ɗaya. Ya tsaya gaban Inna Hajo, ya tambaye ta ko tana zaune aka kwashe.

"Ina zaune," in ji ta, idonta ya ciko. "Kwana biyu ban ci abincin kirki ba. Na ce yaron da na goya ya bar unguwa, ko sallama bai yi mini ba."

Gargaɗi: ni sirri na yi maka alkawari, kuma ka samu. Abin da ya biyo baya ba da yawuna ba, kada ka neme ni.