Luguden Gwaggo Hajo a Gaban Malamai

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na kare memuwar ɗina a jami'a, wato littafin binciken da ɗalibi ke gabatarwa kafin a sallame shi. Nawa a kan sautin ƙauye na yi shi: kukan guga a bakin rijiya, ƙarar amalanke, sai uwa uba lugude, dakan nan da mata uku ko huɗu ke yi a turmi guda, taɓarya na bin taɓarya kamar kiɗa.

Don ɗaukar luguden na koma ƙauyenmu kusa da Yekuwa, gidan Gwaggo Hajo, ƙanwar mahaifina da ta riƙe ni tun ina rarrafe. Rabona da gidan shekara uku. Na sauka daga kabu-kabu da 'yar na'ura a hannu, waya a kunne, ina jin kaina wani babban masani (har tabarau na sa, alhali idona garau yake). Gaisuwar ma a tsaye na yi ta.

"Gwaggo, so nake ku yi mini lugude da waƙa irin ta dā. Sauri nake, la'asar zan koma."

Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta kira ni yadda ake kiran 'yan boko da Faransanci. "To, Mushe. Yadda ka ce."

Ta kira maƙwabta biyu, aka zuba gero. Suna daka tana rera waƙa, ni kuwa na duƙa ina ƙirga bugun taɓarya a takarda. Na lura dakan nasu a hankali yake tafiya, ba kamar na garin Mallawa da na ɗauka a baya ba. Murna ta kama ni. Na koma birni na rubuta shafi goma sha biyu a kan "sanyin luguden Yekuwa", na ce gado ne tun na kakanni. Baitukan waƙar fa? Ban bi ta kansu ba. Abin kunnena gefe ɗaya ya mutu, ƙarar turmi ta danne muryar, ni kuma bugu kawai nake nema.

Ranar karewa ɗakin ya cika, malamai uku a gaba, abokai a baya. Na yi bayani da Faransanci har da ɗaga yatsa, sannan na ce a saurari shaida. Aka jona na'urar da babbar lasifika. Muryar Gwaggo ta fito tar, kamar tana tsaye a ɗakin:

"Ɗan Hajo ya zo da waya a kunne,
wanda jaki ya kora har cikin rumbu,
yau shi ne Mushe mai tabarau."

Dariya ta fara daga baya. Na kai hannu zan kashe, shugaban malaman, wani dattijo mutumin Dungas, ya ɗaga mini hannu. "Bar shi ya ƙare."

"Shekara uku ban ga ƙeyarsa ba,
ya ce la'asar zai koma.
Ku sassauta hannu, mata,
in geron ya daku tafiya zai yi."

Ana jin matan sun amsa, ana jin taɓaren sun rage gudu a daidai wurin. Dariyar ta mutu. Dattijon ya cire gilashinsa, ya bar Faransanci ya koma Hausa.

"Ɗana, ga dalilin sanyin luguden Yekuwa, mai shi ta faɗa da bakinta. Sau nawa ka saurari wannan?"

Na ce ya fi sau talatin (gaskiya ce, kuma ita ta fi ƙona ni). Na so ƙasa ta buɗe. Sun bar ni na wuce, da sharaɗin in cire shafukan nan goma sha biyu.

Da yamma na kira salular maƙwabcinmu, aka kai wa Gwaggo. Na gaya mata duk abin da ya faru. Ta yi dariya har da tari.

"Sai yanzu ka ji? Wata bakwai saƙo na hanya. Da jaki na aika da ya riga shi."

Na ce ina nan zuwa bayan girbi, kuma zan kwana biyu. Na je, na yi sati. Shi ne zamanmu na ƙarshe, da damina ta zagayo ta rasu.

Yanzu injin niƙa ya shigo ƙauyen, safiya ta koma ƙararsa, turmin Gwaggo na kife a bayan ɗaki kaji na hawa. Ni kuma ina koyarwa a Magarya. Wani lokaci in na taso daga lakwal nakan kunna luguden nan na minti tara, in ji tana zagina da jaki da rumbu, in yi ta fatan geron kada ya daku.

Ɗalibaina kan tambaye ni wace na'ura ta fi kyau wajen ɗaukar sauti. Nakan ce kowace ma ta isa. Tawa ta ji komai tun ranar farko. Mai riƙe da ita ne kurma, ga shi kuma har takardar shaida aka ba shi a kan sauraro.