Bafal Biyu da Kunnen Bature

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Lahadi a Keita, ko da tsufa ya kwashe mini sauran ranakun duniya. Shekarun da aka fara aikin dashen itatuwa da jera duwatsu a kan tuddai ne. Ni kuma ina saurayin mushe, wato malamin lakwal, makarantar boko ke nan, mai wando mai faɗin ƙafa, da tulin suma, da Faransanci wanda ya fi ƙarfin tukunyata.

A lokacin mu 'yan bokon garin ba mu da abin gasa sai kayan kiɗa. Babu lantarki, amma kowa na da manyeto, rediyon nan mai cin kaset, da batirin mota a ƙarƙashin gado. Sarkinmu shi ne abokina Mushe Illa. Ya sa wani kafinta a Madawa ya ƙera masa bafal biyu, wato akwatunan amsa-kuwwa, kowanne kamar rumbun hatsi. In ya kunna, har kwanukan maƙwabta sai sun yi rawa. Wannan abu ya tsaya mini a maƙoshi.

Ana nan sai wata tsohuwar mujallar Faransanci ta faɗo hannuna, wani Bature mai aikin itatuwa ne ya yar da ita. A ciki aka ce masana sauti na gaskiya ba ruwansu da girma. Bafal na ƙwarai ƙarami ne, mai nauyi, mai fitar da kowane amo dalla-dalla a cikin ɗaki. Na haddace shafin nan fiye da yadda na taɓa haddace darasi. Daga ranar ba a sake shan shayi da ni lafiya ba. "Illa," nakan ce, "abin da kake da shi ba sauti ba ne, hayaniya ce. Jaki ma ya fi kanari murya, amma wa ke kiwonsa a keji?"

Da aka yi hutu na hau motar albasa zuwa Konni, na tsallaka Sakkwato. A wani shago na shafe yini ina zaɓe. In ɗauki wannan in auna nauyinsa a hannu, in ƙwanƙwasa wancan da yatsa in kara kunne, kamar mai sayen kankana. (Har sansana ɗaya na yi. Mujallar ba ta ce a sansana ba, ƙarin ilimi ne daga wurina.) Daga ƙarshe na tsaya a kan wasu baƙaƙe biyu, kowanne bai fi tubali ba, fuskarsu rufe da yadi mai laushi. Mai shago ya jona su da kayansa ya kunna, kuma gaskiya sun yi daɗi, sai da tsikar jikina ta tashi.

"Malam," in ji shi, "kai kunnenka na Bature ne."

Na ɗauki maganar nan na sa a aljihu, ban ko nemi ragi ba.

Da na dawo Keita na ɗora su a kan kanta, ɗaya dama ɗaya hagu, tsohon manyetona a tsakiya. Na juya bayansa na ga ramuka iri-iri, na cusa wayoyin inda suka fi shiga, na murɗa ƙara sama kaɗan. Kai! Na zauna na rufe ido, har ƙwalla ta taru mini. Makonni na yi a haka, ina jin abubuwan da ban taɓa ji ba a kaset ɗin da na sani tun ina kwaleji.

To, akwai wata yarinya, Sahiya, ungozoma a asibitin garin, wadda nake so da aure. Mahaifinta ya rasu, maganarta tana hannun kawunta Alhaji Bube, babban ɗan kasuwar albasa a Madawa. Aka aiko mini cewa Alhaji zai biyo ta Keita ranar Lahadi, kuma zai leƙo ya ga irin mutumin da nake kafin manyana su je gaisuwa. Mai hankali da sai ya share ɗaki, ya sayi goro, ya kama bakinsa. Ni kuwa na ce tsuntsu biyu zan jefa da dutse ɗaya: in burge Alhaji, in binne Illa. Na gayyato diraktan lakwal ɗinmu, da majo, wato babban malamin asibiti, da Illa kansa.

Bayan la'asar suka cika ɗakin. Alhaji dattijo ne mai ƙarancin magana, da farin rawani da carbi, idonsa ɗaya ya fara yana. Na durƙusa na gaishe shi, aka zuba shayi. Sannan na miƙe na fara lacca, rabi Hausa rabi Faransanci, a kan nauyin akwati da tsabtar amo da jahilcin masu son ƙato. Ina faɗa ina satar kallon Illa.

"Yanzu za mu yi gwaji," na ce. "Ku fara jin tsohon manyeto shi kaɗai."

Na zare wayoyin, na sa kaset na kiɗan gurumi saboda girman Alhaji. Na yatsine fuska. "Kun ji? Kamar ana kiɗa cikin gwangwani." Kowa ya gyaɗa kai. Sai na mayar da wayoyin a ramukansu, na ɗan taɓa abin ƙara kamar yadda na saba, na koma da baya na buɗe hannuwa.

"To, yanzu fa?"

Dirakta ya rufe ido ya ce bambancin kamar dare da rana. Majo ya ce shi har numfashin mai waƙar yake ji. Illa ma, Allah sarki, ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaskiya akwai tsabta." Daɗi ya kashe ni. Na lumshe ido ina nuni da yatsa: "Ga gurumi nan daga hagu. Ga ƙwarya can daga dama. Baba Alhaji, kun ji yadda suka rabu?"

Alhaji ya ajiye carbinsa. "Mushe, wanga ɗan abu shi ka wagga ƙara duka?"

"Shi ne, Baba."

"Ikon Allah. Bari in gane shi ga haske, idanun nan sun gaza."

Kafin in buɗe baki ya miƙe, ya ɗauki na hagu, ya nufi ƙofa da shi. Waya ta miƙe, ta zare daga bayan manyeto, ta bi shi tana jan ƙasa kamar wutsiyar ɓera. Ya fita tsakar gida yana jujjuya shi a rana.

Gurumi kuwa bai fasa ba. Ko ɗigo bai ragu ba. Yana nan daga hagu, inda na nuna shi.

Kowa ya juyo ya dube ni, mai waƙa yana ta waƙarsa. Amma bakina bai san kunya ba tukuna. "Ai na dama ne ya karɓi aikin," na ce. "Haka masu tsada suke, suna taimakon juna."

Illa ya tashi a hankali, irin tashin wanda Allah ya amsa wa addu'a. Ya ɗauki na dama ya manna a kunne. Ya daɗe. Sannan ya miƙa wa dirakta, dirakta ya saurara ya miƙa wa majo, kamar ana zagayawa da jariri ranar suna. Daga nan Illa ya ɗora tafin hannunsa a fuskar tsohon manyetona, nan take kiɗan ya shaƙe. Ya ɗage, kiɗan ya dawo. Ya sake rufewa. Ya sake ɗagewa. (Sau ɗaya ya isa a gane, amma Illa yana da tsohon ciwo.)

Ashe tun ranar da na kawo su daga Sakkwato, bafal ɗina ko tari ba su taɓa yi ba a Keita. A ramukan eriya na cusa wayoyin. Duk ƙwallar da na zubar, tsohon gwangwanina na zubar wa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne shaiduna. Dirakta, mai dare da rana, ya ce shi dama ya ɗan ji wani abu bai yi daidai ba. Majo, wanda ya ji numfashin mai waƙa, ya tuna yana da mara lafiya. Cikin ɗan lokaci na zama ni kaɗai ne mai kunne a duk faɗin Adar.

Alhaji ya dawo ciki, bai san an yi mutuwa ba. Ya ajiye bafal ɗin a kan tabarma, ya dubi manyeto yana ta waƙarsa, ya dubi wayar da ke kwance a ƙasa, ya dube ni. Bai yi dariya ba, da ma ya yi. Ya shanye shayinsa ya ce, "Kyawo garai, Mushe. Kuma ba shi damun maƙwabta." Ya yi sallama ya tafi.

Na kwana biyu ba na bin hanyar asibiti. Na riga na yanke cewa Sahiya ta tafi, har na fara tunanin neman a mayar da ni Buza ko wani ƙauyen da labari bai kai ba. Sai ga ta da kanta ta tare ni a bakin kasuwa, tana danne dariya da gefen mayafi.

"Kawu ya ce manyanka su taho."

"Bayan abin da ya gani?"

"Sabili da abin da yag gani. Cewa ya yi, namijin da ka jin daɗin abin da babu shi, ba shi wahal da mata wurin miya."

Haka aka yi auren. Bafal ɗin daga baya Illa ya jona su yadda ya kamata, a ɗakinsa, kuma sun yi daɗi ƙwarai, har yana kirana in zo in ji. Ban je ba.

Abin da na koya dai kaɗan ne, amma da fatar fuskata na saye shi. In za ka rufe ido don jin daɗin abu, fara buɗe shi ka leƙa bayan akwati. In kuma ka ga manyan mutane suna gyaɗa kai kana magana, kada ka ɗauka sun ji wani abu. Shayinka suke sha.