Kifayen Kaka Wendell a Wayar Amarya

"Lafiya lau, ɓarawon hotuna. Ina kwamfutata?"

Da haka Corinne ta amsa gaisuwar kakanta Wendell, ko takalmi ba ta cire ba. Daga Chicago ta tuƙo mota har Duluth. Ranar Asabar za a ɗaura mata aure, bakinta ya ƙi rufuwa. Tsohon yana kicin yana zuba kofi. Ya ce shi bai san wata kwamfuta ba sai tasa, wadda wata yarinya mai mantuwa ta ba shi kyauta bara.

Mantuwar kuwa gaskiya ce. Da ta ba shi tsohuwar kwamfutarta, ba ta cire asusunta na ajiyar hotuna a intanet ba. Duk hoton da ta ɗauka da waya sai ya faɗo gabansa, duk wanda ya saka kuma sai ya hau wayarta. Wendell kuwa ba shi da aiki sai kamun kifi a tafki da saka hotunansu a kwamfutar. Ma'ajiyar ta cika maƙil, wayar ta daina adana komai, ga biki ya ƙarato.

"Kaka, na buɗe waya zan nuna wa ƙawayena rigar amarya, sai ga ka rungume da kifi."

"Ai ya fi angon naki kyau. Yaron nan ko gemu ba ya da shi."

"Shi ya sa ka goge hotunan Desmond?"

"Waɗanda ya yi kama da tsintsiya kawai na goge."

"Duka ka goge."

"To, kin gani."

Ta kwashe da dariya har ta kusa ɓarar da kofin. Ta ce masa duk abin da ya goge a nan, a wayarta ma ɓacewa yake, da ƙyar ta tsamo angon nata daga kwandon shara. Ya ce da ta bar shi can, wurin ya dace da shi. Ya ƙara da cewa lokacin da yake saurayi yana aikin jirgin ruwa, 'yan mata layi suke yi cikin ƙanƙara don su ɗauki hotonsa.

"A zamaninku akwai kyamara? Na zaci a jikin dutse ake sassaƙa ku."

"Dutsen ma sai an yi rububi."

Ta jawo kwamfutar, ta shiga wurin saiti, ta nemo inda ake raba ta da asusun. Za ta danna ke nan, sai ya ɗora hannunsa a kan nata.

"In kin cire, da safe me zan duba?"

Ta ɗago ta kalle shi. Ya kau da kai wajen taga, ya ce tun rasuwar kakarta gidan ya yi shiru da yawa. Kullum in ya haɗa kofi sai ya buɗe ya ga abin da ta ci jiya, da karenta, da kek ɗin da ta ƙona. Ko ba ta kira ba, ya san tana lafiya. Rigar auren ma ya gani, bai faɗa wa kowa ba.

Corinne ta goge ido da bayan hannu. "Ashe ɗan leƙen asiri na ba kwamfuta."

"Kyauta nake yi, ba a biyana."

Ta danna. Hotunanta suka bar kwamfutar, suna can a ma'ajiya babu abin da ya taɓa su. Nan take ta buɗe masa nasa asusun, ta kwashe kifayen ta mayar can. Sannan ta ware wuri ɗaya na su biyu, ta yi alkawarin kullum da safe zai tarar da sabon hoto. Sharaɗi guda ne: Desmond ma zai riƙa fitowa, kuma ba a goge shi.

Wendell ya yi ta gunaguni, ya roƙi a riƙa ɗaukar angon daga nesa. Ta ƙi. Ya ce to daga ƙeya. Nan ma ta ƙi. Sai ya yi dariya ya dafa tebur ya miƙe.

"Kin ci. Ture kujerar nan gefe, ki ba ni hannunki mu gwada rawar bikin. In ƙafar nan za ta kunyata ni ranar Asabar, gara ta fara a kicin."