Ranar da Jirgin Sama Ya Kaɗa Mini Wutsiya

Ba zan taɓa mantawa ba da yinin da na kori gari guda da bakina. Lokacin ina sabon malami a wani ƙauye bayan Manchok, 'yan shekaru da gama yaƙin basasa, mutane ba su daina firgita da ƙarar jirgin sama ba. Ni ne kuwa gwanin bayanin jirgi (wanda ban taɓa gani a ƙasa ba, sai a hoton littafi).

Maciji ne ya sari wata dattijuwa, Mama Saratu, a gona, ga shi ruwa ya cinye gadar da ake bi zuwa asibiti. Sai 'yan mishan suka aiko da ƙaramin jirginsu, ya sauka a filin makarantarmu. Kafin a iso da ita a kan gadon kara an kashe injin, Baturen da ya tuƙo shi kuma babu wanda ya ga inda ya yi. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin, gari ya yi tsit, ko ganye ba ya motsi.

Mijinta, Baba Yohanna, ya ja ya tsaya daga nesa. "Ticha, wannan abu yana da rai. Ba zan sa matana a cikinsa ba."

Na gyara wuyan riga. "Haba Baba! Ƙarfe ne fa. Akwai sanda a gaban direba: in ya ja ta, hancin ya ɗaga, in ya karkata ta, gefen fikafikan su motsa jirgin ya kishingiɗa. Wutsiyar nan kuwa da ƙafa ake juya ta. Duk wayoyi ne. In babu mutum a ciki, ko gezau ba zai yi ba."

Na taka har gindin jirgin, na yi ɗage na leƙa taga. Kujeru wayam. Na zagaya na dafa wutsiyar ina murmushi.

Sai ta juya a ƙarƙashin tafin hannuna. A hankali, hagu, dama, da wata 'yar ƙara, ƙiii. Gefen fiffike ɗaya ya ɗaga, na ɗayan ya sauka. Sannan na ji nishi daga cikin jirgin, sak na mutum.

Jama'a, ilimi ya bi iska! "Yesu! Yana da rai!" Ban san sa'ad da na tsinci kaina a gonar citta ba, takalmi ɗaya a ƙafa. Ganin Ticha ya arce, kowa ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, har masu ɗauke da gadon suka dire shi.

Daga cikin ganye na hango ƙofar jirgin ta buɗe, ƙafafu suka fito, sannan Bature. Ashe kwance yake a ƙasan kujera yana gwada wayoyin nan da na gama wa'azi a kansu.

Mama Saratu kaɗai ta rage a filin, ƙafa a kumbure. Ta ɗaga murya: "Ticha! In ka gama gudu, zo ka kama mini gadon nan. Dafi ba ya jira."

Ni da Bature muka ɗauke ta, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta rayu, godiya ga Allah, amma da ɗingishi ta dawo, har yau kuwa ina tambayar kaina ko gudun nan nawa ne ya jawo. Na dai koyi abu ɗaya: kafin ka ce wa mutane kada su ji tsoro, fara tambayar ƙafafunka ko sun yarda.