Ranar da Manhajata Ta Kama Ɓarawon Rubutu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na haɗa tarko da hannuna a makarantar kwamfutar da nake koyarwa a Suleja. Ɗalibai sun ishe ni da kwafar aikin juna, sai na rubuta manhajar kama su. Tana yanka kowane rubutu gunduwa-gunduwa, kalma biyar-biyar a jere, ta mayar da kowace gunduwa lamba. Maimakon bin haruffa ɗaya bayan ɗaya, lambobin kawai take kwatantawa, inda suka yi ta haɗuwa ta ce ga ɓarayi. Wallahi har tafiyata sai da ta canza (matata ta ce ko gaisuwa sama-sama nake amsawa).

Ranar gabatar da ayyukan ɗalibai na gayyato Malam Isiyaku daga Diko, dattijon da ya koya mini wannan lissafin tun ina tsoron taɓa kwamfuta. Burina ɗaya: ya ga ɗalibinsa ya zama mutum.

Aka kunna majigi, na tsaya ina hura hanci. "Yau asirin kowa zai tonu," na ce. "Manhajar nan ba ta san ɗan wane ba." Ɗalibai suka yi tsuru-tsuru, ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni.

Abin da na manta shi ne, lokacin gwaji na zuba wasu fayiloli cikin foldar da manhajar ke dubawa ban cire ba: littafin darasin da nake raba wa ɗalibai da sunana ɓaro-ɓaro a bango, da tsofaffin takardun darasin Malam.

Na danna. Ko ƙiftawar ido ba a yi ba sakamako ya fito a jikin bango. Na ɗaya a jerin ɓarayi: ni da Malam Isiyaku. Shafi tara cur, ta shafa musu ja (ni na zaɓi launin, don ya fi tona asiri).

Wata ɗaliba daga baya ta ce, "Malam, ko dai ta samu matsala ne?" Tausayina ta ji, kuma hakan ya fi dariya ciwo. Na kasa ɗaga kai, gumi har cikin takalmi.

Malam ya gyara tabarau, ya karanta a natse. "Manhajarka lafiyarta ƙalau, ɗana," in ji shi. "Sai dai lissafin shafi na huɗun nan kuskure na yi tun wancan lokacin. Ka gyara wa yaran."

Shekara uku ina koyar da kuskuren wani da sunana! Kunyar da na ji ranar, ko maƙiyina ba na yi masa fatanta. Washegari na sake buga littafin da sunan Malam a sama. Yanzu kuwa duk abin kama mai laifin da na ƙera, ni nake fara wucewa ta cikinsa, ƙofa a rufe, majigi a kashe.